Yumɓu a Bayan Takobi: Dabarar Taurara Baki Kaɗai

Duk wani ƙarfe mai kaifi ana neman abu biyu a jikinsa, kuma abubuwan nan biyu ba sa ga maciji da juna. Ana so bakinsa ya yi tauri domin ya riƙe kaifi, ana kuma so jikinsa ya jure duka kada ya karye. Ƙarfen da ya taurara sosai gautsi gare shi kamar tangaran, wanda ya yi laushi kuwa ba ya karyewa, amma sara biyu uku bakinsa ya naɗe. Manomin Kafin Dafga da ya sayi gatari ko adda a kasuwar Karaye ko ta Rogo ya san wannan tun kafin a gaya masa. Idan bakin gatarin ya ɓantare a jikin ƙirya, ya yi tauri fiye da kima ke nan. Idan kuma kullum sai an kai shi dutsen washi, bai taurara ba. Gwanintar maƙeri tana tsakanin waɗannan kurakurai biyu.

Hanyar da ta fi dacewa da warware matsalar ita ce a ba ƙarfe guda halaye biyu: baki mai tauri, baya mai laushi. Maƙeran duniya sun bi hanyoyi daban-daban zuwa wannan buri. Maƙeran ƙasar Hausa suna da tasu, wadda ake yi da awartaki da ido. Ta maƙeran Japan, wadda ake yi da yumɓu, ita ce ta fi shahara, kuma ita ce ta haifar da takobin nan mai lanƙwasa da ake kira katana.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfe

Ba kowane ƙarfe ne ke taurara ba. Tsantsar baƙin ƙarfe, ko an ƙona shi ya yi ja an jefa a ruwa sau goma, laushinsa na nan. Abin da ke sa shi karɓar tauri shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa, wato ainihin sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Idan kabon ɗin bai kai kimanin kashi 0.3 cikin 100 ba, taurin da za a samu ba na a zo a gani ba ne. Ƙarfen wuƙa da takobi yakan ƙunshi wajen kashi 0.6 zuwa 0.8. Wannan ne dalilin da ya sa maƙeri ke neman tsohon sifirin mota ko mataccen magagari idan zai ƙera abin yanka, ya bar falankin tanki da rodi ga aikin da ba ya bukatar kaifi.

Idan zafin irin wannan ƙarfe ya wuce digiri 727 a ma'aunin Salshiyos, tsarin ƙwayoyinsa yakan fara sauyawa, kabon ya narke ya bazu a cikinsa kamar gishiri a ruwan zafi, alhali ƙarfen kansa bai narke ba. Abin da zai biyo baya ya dogara ga yadda aka huce shi. In an bar shi ya huce sannu a hankali, kabon yana samun sararin fita ya jeru falle-falle tsakanin ƙarfe mai laushi, sai a sami tsarin da masana ke kira palait, mai juriya da matsakaicin tauri. In kuwa an tsunduma shi a ruwa farat ɗaya, kabon ba ya samun hanyar fita. Yana maƙalewa a inda yake, ya takura ƙwayoyin ƙarfen, sai a sami tsari mai tsananin tauri da gautsi da ake kira matensait, wanda aka raɗa wa sunan wani masanin ƙarafa Bajamushe, Adolf Martens. Matensait yana da wata ɗabi'a da za ta yi amfani a gaba: ya fi palait cin wuri, wato ƙarfe yakan ɗan kumbura a inda ya taurara.

Ke nan tauri da laushi ba wasu ƙarafa biyu ba ne. Saurin hucewa ne ya bambanta su. Duk wanda ya iya sa baki ya huce da sauri, baya ya huce a hankali, ya sami abin da ake nema.

Dabarar maƙerin ƙauye

A maƙera irin ta ƙauyukan yammacin Kano, kayan aikin sanannu ne: uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi, da gawayi, wanda aka fi son na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa. Bayan an gama fitar da siffar gatari ko gizago, akan mai da bakin cikin wuta har ya yi ja, sannan a tsoma bakin kaɗai a ruwa ko a baƙin mai, a bar sauran jikin a sama. Bakin ya huce nan take ya taurara, ƙeyar kuwa ta ci gaba da riƙe zafinta.

Gwani ba ya tsayawa nan. Yakan fito da ƙarfen, ya goge bakin da dutse ya yi haske, ya zuba ido. Zafin da ya rage a ƙeya yana gangarowa zuwa baki, yana tafe da launuka a jere: na farko kalar busasshen kara, a wajen digiri 220, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi a wajen digiri 300. Kowane launi alama ce ta yawan taurin da aka sassauta. Aska tana son launin farko, gatarin da zai sha karo da icce yana son a ɗan ƙara jira. Da launin da ake so ya iso baki, sai a tsoma ƙarfen duka a tsai da shi nan. Babu agogo a wannan aiki, babu ma'aunin zafi, kuma ya ishi gatari da gizago da kurfi, domin bakinsu gajere ne, jikinsu kuma kauri gare shi.

Inda dabarar ke gazawa shi ne dogon ƙarfe siriri. Ruwan takobi ya haura santimita 60, kaurinsa kuma bai wuce 'yan milimita ba. Da wuya hannu ya tsoma bakinsa kaɗai daga tushe har tsini a zurfi ɗaya a lokaci ɗaya. Maƙeran Japan sai suka ɗauke aikin daga hannu suka ɗora wa yumɓu: a tsoma takobin gaba ɗaya, yumɓun ya zaɓi inda ruwa zai yi saurin cin zafi.

Ƙarfen da ake shafa wa yumɓun

Japan ba ta da wadatar duwatsun ƙarfe masu kyau, sai baƙin yashi mai ƙarfe a ciki. Ana narka shi da gawayi a wani tanderun laka mai suna tatara. A yau babban tatara da ke ciyar da maƙeran takobi yana Okuizumo a lardin Shimane, kuma ƙungiyar adana takubban Japan ce ta farfaɗo da shi a 1977. Da hunturu ake hura shi. Kowane hurawa kwana uku ne dare da rana, ana zuba yashi wajen tan 10 da gawayi wajen tan 12, a ƙarshe a rushe tanderun a jawo dunƙulen ƙarfe mai nauyin kimanin tan biyu da rabi. Wani kaso na dunƙulen ne kaɗai ke zama zaɓaɓɓen ƙarfen da suke kira tamahagane. Kunnen Bahaushe zai ji tama a farkon sunan, kuma tama ita ce abin da kakannin maƙeranmu suke narkawa, amma dacewa ce kawai: a harshensu kalmar tana nufin dutse mai daraja.

Wannan ƙarfe ba shi da daidaito, wani gefen kabon ya yi yawa, wani ya yi kaɗan, ga datti. Don haka ake ninka shi a buga, a sake ninkawa, har sau goma sha wani abu. Ninki 15 yana ba da falle 32,768. Masu talla sun mai da wannan adadi abin al'ajabi, alhali aikin gyara ne: fitar da datti da daidaita kabon, kamar yadda ake kirɓa fura har ta haɗe. Daga nan akan naɗe ƙarfe mai ƙarancin kabon a cikin mai yawan kabon, mai laushin ya zama ɓargo, mai taurin ya zama fata da baki. A wannan mataki takobin kusan miƙaƙƙe ne, kuma magagari na cin sa ko'ina.

Shafa yumɓu

Haɗin da ake shafawa ya ƙunshi yumɓu mai jure wuta, da garin gawayi, da garin dutsen washi, a dama da ruwa. Kowanne da aikinsa. Yumɓu shi ne bargon da ke riƙe zafi. Garin dutse yana hana shi tsukewa ya tsage idan ya bushe. Gawayin kuma yana ƙonewa a wuta ya bar ƙananan ƙofofi a jikin shafin. Yawan kowanne a cikin haɗin sirrin gida ne, almajiri yakan gada daga malaminsa. Kafin a shafa sai an kankare takobin an wanke shi tas, domin ko maiƙon yatsa na iya sa yumɓun ya ɓare a cikin wuta, kuma inda ya ɓare nan tauri zai shiga ba a gayyace shi ba.

Da ɗan siririn ƙarfe ko itace mai faɗin baki ake shafin. Baya da gefuna suna samun kauri kamar milimita ɗaya ko fiye. Baki kuwa ba a barin sa tsirara, ana lulluɓe shi da shafi siriri ƙwarai, kuma a nan ne abin ya saɓa wa zato. Mutum zai ɗauka ƙarfe tsirara ya fi saurin hucewa. Ba haka ba ne. Idan jan ƙarfe ya shiga ruwa, tururi yakan kewaye shi nan take ya zama masa riga, ya hana ruwa taɓa shi na ɗan lokaci. Duk wadda ta yayyafa ruwa a kan tanda mai zafi ta ga ɗigon yana rawa maimakon ya ƙafe, ta ga wannan rigar. Siririn yumɓu mai kaushi yana yaga rigar tururin, ruwa ya kama ƙarfen tun daga farko. Wani masani na Jami'ar Kyoto, Tatsuo Inoue, ya auna wannan kuma ya kwaikwayi tsomawar a kwamfuta, ya nuna cewa shafi siriri yana ƙara saurin hucewa, mai kauri yana rage shi. Yumɓu ɗaya ke nan yana aiki biyu masu karo da juna, kauri kaɗai ya raba.

Iyakar da ke tsakanin kauri da siriri ita ce za ta zama iyakar tauri, don haka maƙeri yake zana ta yadda yake so. Yakan kuma ɗora wasu siraran layukan yumɓu da ke gangarowa daga baya zuwa baki, suna kiran su ashi, wato ƙafafu. A ƙarƙashin kowane layi ƙarfe yana ɗan yin laushi. Amfaninsu shi ne idan bakin ya ɓantare a fagen fama, tsagar tana tafiya ta ci karo da wurin laushi ta tsaya, kamar yadda kunya ke tare ruwa a gona.

Wuta da ruwa

Bayan yumɓu ya bushe sai matakin da suke kira yaki-ire. A cikin duhu ake yin sa, da dare ko a rufaffiyar maƙera, saboda launin ƙarfe ne ma'aunin zafi, hasken rana kuwa yana ruɗa ido. Ana zura takobin ana jawo shi a cikin garwashin gawayi har ya ɗauki launi ɗaya daga tushe zuwa tsini, a zafin da ke tsakanin digiri 750 da 800. Masu koyo na zamani kan taimaka wa idonsu da maganaɗisu, domin a wajen digiri 770 ƙarfe yana daina kama shi. Idan zafi ya gaza, baki ba zai taurara ba. Idan ya zarce, ƙwayoyin ƙarfe su yi girma, haɗarin tsagewa ya ƙaru.

Daga wuta sai kwamin ruwa, a motsi ɗaya. Zafin ruwan ma abin lura ne, har akwai almarar da ke cewa wani babban maƙeri ya sare hannun almajirin da ya tsoma yatsa a kwamin don ya saci sirrin. Ko ba ta faru ba, ta nuna darajar da aka ba abin.

Abin da ke faruwa a cikin daƙiƙoƙin nan ana iya ganin sa a kwamin gilashi. Da farko baki, da yake shi ne siriri, yana rigan baya hucewa ya tsuke, sai takobin ya sunkuya ta wajen baki kamar lauje. Can sai matensait ya kama a bakin, ya kumbura, a daidai lokacin da baya mai bargon yumɓu ya fara hucewa yana tsukewa. Baki na miƙewa, baya na janyewa, sai takobin ya juya ya lanƙwashe ta wajen baya. Wani babban kaso na lanƙwasar katana, wadda suke kira sori, daga nan yake fitowa, ko da yake maƙeri yana tsara ta tun wajen ƙira, yana kuma gyara ta daga baya. Wannan ja-in-ja tana barin baki a matse, matsewar kuma tana taimaka masa wajen hana tsaga buɗewa. Amma idan lissafi ya kuskure, a nan ne akan ji ɗan ƙara a cikin ruwa, alamar baki ya tsage. Irin wannan tsaga ba ta da magani. Aikin makonni ya tafi.

Takobin da ya tsira ana sake ɗumama shi kaɗan, a zafin da bai wuce digiri 200 ba, don a rage masa gautsi. A ma'aunin tauri na Rokwel, bakin yakan kai wajen 60, bayan kuma wajen 40.

Zanen da ke fitowa

Da an fito da takobin daga ruwa ba a ganin komai sai baƙin ƙarfe. Sai ya je hannun mai washi, wanda sana'arsa daban ce da ta maƙeri, ya bi shi da duwatsu daga mai kaushi zuwa mai santsi har tsawon mako biyu ko fiye. A lokacin ne iyakar tauri ke bayyana kamar farin hazo a tsawon baki. Sunanta hamon. Akwai miƙaƙƙiya, akwai mai kama da igiyar ruwa, akwai mai kama da kawunan kanumfari a jere, wadda maƙeran gidan Bizen suka yi suna da ita. Masana kan dubi hamon su gane gidan da takobi ya fito, a cikin manyan gidajen ƙira biyar: Yamashiro, Yamato, Bizen, Soshu da Mino. Shahararren maƙerin takobi Masamune, wanda ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, ɗan gidan Soshu ne.

Hamon ba fenti ba ne, a cikin naman ƙarfen take, shi ya sa gobara ke kashe ta. Gobarar birnin Edo ta 1657 ta ƙone takubba masu daraja da yawa, sai da aka sake shafa musu yumɓu aka sake tsomawa, kuma takobin da aka yi wa haka darajarsa tana faɗuwa. Arahar katana da ke yawo a kasuwannin duniya a yau, galibinsu da asid ko burushin waya aka zana musu layin.

Hanyar da takobin Hausa ya bi

Ƙasar Kano ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Binciken tono ya nuna ana narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, tarihin baka kuma yana danganta farkon zaman wurin da Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya. Birnin yana da Sarkin Maƙera, kuma an raba sana'ar gida biyu, maƙeran baƙi da maƙeran fari. Duk da haka, a ƙarni na 19 ruwan takobi da yawa daga waje yake zuwa. Heinrich Barth, matafiyin Jamus da aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 a shekara, mafi yawa ƙirar garin Solingen na Jamus. A Kano ake sa musu mariƙi da kube, daga nan su bazu zuwa hannun Hausawa da Fulani da Buzaye da Nufawa da Barebari.

Waɗannan takubba wata hanya suka bi ta daban. Ana taurara su gaba ɗaya, sannan a sassauta su sosai har su zama kamar sifirin: a tanƙwara su, su koma daidai. Bakinsu bai kai na katana tauri ba, amma ba sa zama a lanƙwashe. Katana kuwa, saboda laushin bayanta, idan sara ya goce tana iya karkacewa ta zauna a haka sai an miƙar da ita, bakinta kuma yana ɓantarewa idan ya haɗu da ƙarfe. Labarin cewa tana yanka komai aikin fina-finai ne. Siffa ma ta shiga cikin lamarin: takobin Hausa miƙaƙƙe ne mai baki biyu, ko da an shafa masa yumɓu a tsakiya ba zai lanƙwashe ba, domin bakunan biyu za su ja da ƙarfi ɗaya.

Ko yumɓu zai yi aiki a maƙerarmu?

Yumɓu ba ya wuya a ƙasar Karaye da Rogo, masu ginin tukwane sun san inda yake, gawayi da dutsen washi ma suna nan. Abin da zai kawo cikas shi ne ƙarfen. Tamahagane kusan ƙarfe ne da kabon zalla, ba ya taurara sai an huce shi cikin tsananin sauri, shi ya sa ɗan bargon yumɓu ya isa ya hana bayansa taurara. Sifirin mota kuwa an haɗa shi da wasu sinadarai irin su manganis da kuromiyam, musamman domin ya taurara har ciki ko da bai huce da sauri ba. Idan an shafa masa yumɓu, tauri yakan ratsa ƙarƙashin shafin, iyakar ta fito a dushe ko ta ƙi fitowa. In kuma an tsunduma shi a ruwan sanyi yana yawan tsagewa, abin da ya sa mai ya fi dacewa da shi. Tsohon magagari na ƙarfe mai kabon zalla ya fi kusa da abin da dabarar ke bukata. Ga gatari da adda kuwa, tsoma baki kaɗai yana kai wa ga sakamako makamancin wannan da ƙaramin kuɗi da ƙaramin lokaci.

A Japan kanta dabarar ta kusa ɓacewa sau biyu: bayan dokar 1876 da ta hana yawo da takobi, da kuma bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka haramta ƙera shi baki ɗaya, har zuwa 1953. A yau ba a ba mutum lasisin ƙira sai ya yi aƙalla shekara biyar a hannun malami mai lasisi, kuma ba a yarda ya ƙera dogon takobi fiye da biyu a wata ba. Kowane takobi sai an yi masa rajista a matsayin kayan fasaha. Hanyar shafa yumɓu ta kuma shiga ƙirar wasu wuƙaƙen girki masu tsada da ake yi da ƙarfe guda, waɗanda masu yanka ɗanyen kifi ke amfani da su.